'Yar Gombe a Hawa na 38

Duk wanda ya saba zagaya unguwannin Gombe da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san allunan nan na ƙarfe. Za ka gan su kafe a gefen rijiyar burtsatse, ko manne a bangon ɗakin shan magani, ko a gaban ajujuwa biyu na firamare. Rana ta cinye fentin, tsatsa ta kama gefe-gefe. Amma in ka matsa kusa ka share ƙura da tafin hannu, haruffa uku za su fito, MDG, da shekara a ƙasansu. Wata rijiyar har gobe tana ba da ruwa, yara na jera jarkoki a gabanta tun asuba. Wata kuwa ta daina aiki tun tuni, hannun famfon ya karye, ba wanda ya waiwaye ta, sai 'yan ga-ruwa ke turo kura daga wata unguwa suna sayar wa mutanen da ke zaune a gindinta.

Kuɗin da aka haƙa rijiyoyin nan da su, da masu rai da matattun, sun bi ta wani ofishi ne a Abuja wanda wata 'yar jihar nan ta riƙe daga 2005 zuwa 2011. Sunanta Amina Jane Mohammed. Tun 2017 ita ce Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, wato mutum ta biyu a gidan da ƙasashe 193 ke taruwa, kuma ofishinta na hawa na 38 na dogon benen nan da ke bakin kogi a birnin New York. Ba a taɓa samun ɗan Najeriya da ya kai wannan matsayi a Majalisar ba.

An sha ba da labarinta a matsayin na mace Musulma mai ɗankwali da ta kai inda maza da yawa ba su kai ba. Wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar da ta bi. Ba ta taɓa zama jakadiya a wata ƙasa ba, ba ta kuma hau tsanin ma'aikatar harkokin waje mataki-mataki ba. A wajen gine-gine ta koyi sasanta mutane, tsakanin ɗan kwangila da ma'aikaci da gwamnan da ke son a rubuta sunansa a jikin allo.

'Yar wace jiha ce?

A watan Oktoban 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya aika sunayen ministocinsa Majalisar Dattawa, sunan Amina ya tayar da ƙura. Tsarin mulki ya ce kowace jiha sai an ba ta minista aƙalla ɗaya, kuma ya zama ɗan asalinta. Wasu suka ɗauka kujerar Kaduna aka ba ta, har aka shigar da koke cewa ba 'yar can ba ce. Amsarta ba ta da kwana-kwana: a Kaduna ta tashi, amma asalinta Gombe. Da sunan Gombe aka tantance ta, da shi kuma aka rantsar da ita ministar muhalli a watan Nuwamba.

Na tuna yadda aka riƙa juya maganar a majalisun shayi daga Jekadafari zuwa Pantami. Wasu na murna, wasu na tambayar a wace unguwa gidansu yake, wa ya taɓa ganin ta a biki ko ta'aziyya. Tambayar ba ta rasa tushe, domin a nan zumunta a ƙafa take. Sai dai wanda ya san tarihin garin zai yi wa maganar asali sassauci. Masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta fara zama a Gombe Abba, Turawa suka mai da ita Nafada, sai a 1919 aka dawo da ita Doma, inda birnin yake yanzu. Auduga da layin dogo suka jawo Hausawa, Barebari, Yarbawa da Ibo suka tarar da Fulani, Tera, Bolawa, Tangale da Waja. Jihar kanta sai ranar 1 ga Oktoban 1996 aka yanke ta daga Bauchi. Gari ne na masu zuwa da masu tafiya, kuma 'ya'yan ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa da yawa a Kaduna suka yi wayo, ba ita kaɗai ba.

An haife ta ranar 27 ga Yunin 1961 a Liverpool ta Ingila. Mahaifinta likitan dabbobi ne, mahaifiyarta Baturiya ce ma'aikaciyar jinya, ita ce kuma babba cikin 'ya'ya mata biyar. Ta yi firamare a Kaduna da Maiduguri kafin a kai ta makarantar Buchan a tsibirin Man. Aikin likitan dabbobi a wancan zamani aiki ne na shiga ruga da bin mashaya, kuma yarinyar da ta tashi a irin wannan gida tana jin maganar ruwa da ciyawa da cutar shanu tun ba ta san sunan ma'aikatar da ke kula da su ba. Takan ba da labarin Tafkin Chadi na ƙuruciyarta, wanda a idon yaro ba shi da maraba da teku. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai fari ya janye mafi yawansa. In tana maganar sauyin yanayi a manyan taruka, daga nan take farawa.

Daga 1981 zuwa 1991 ta yi aiki da Archcon, kamfanin masu zanen gine-gine, inda ta riƙa kula da ayyukan makarantu da asibitoci. A 1991 tana cikin waɗanda suka kafa Afri-Projects Consortium. Wannan kamfani ne ya zama babban mai ba da shawara ga asusun rarar man fetur, PTF, wanda Janar Sani Abacha ya kafa bayan ya ƙara kuɗin lita zuwa naira 11 a 1994, ya kuma ɗora Janar Buhari a kansa. Masu shekaru sun tuna magungunan PTF a asibitoci da littattafai masu tambarinsa da hanyoyin da ya gyara. Sun kuma tuna cewa bayan Obasanjo ya rushe asusun a 1999 an yi ta cacar baki kan yadda aka kashe kuɗinsa da irin ƙarfin da aka bai wa masu ba da shawarar. Ko ta wane gefe mutum ya tsaya, abu ɗaya ya tabbata: shekarun nan sun nuna mata yadda naira ke fita daga baitulmali, da ramukan da take faɗawa kafin ta zama bulo.

Bashin da aka yafe

A watan Oktoban 2005 Najeriya ta cim ma yarjejeniya da ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris. Cikin kusan dala biliyan 30 da ake bin ƙasar, aka yafe biliyan 18, aka biya sauran biliyan 12 daga rarar kuɗin mai. Ngozi Okonjo-Iweala ce ministar kuɗi da ta jagoranci cinikin. Gwamnati ta yi alkawarin cewa abin da a da ake turawa waje duk shekara don biyan bashin, kimanin dala biliyan ɗaya, za a karkata shi ga muradun ƙarni (MDG) guda takwas da shugabannin duniya suka amince da su a shekarar 2000: rage talauci da yunwa, sa yara a makaranta, ceto mata wajen haihuwa, yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ƙanjamau, samar da ruwan sha. Obasanjo ya naɗa Amina ta kula da wannan. Ba baƙuwa ba ce a fagen, domin ta riga ta yi fafutukar ilimi tare da ƙungiyoyin farar hula, kuma daga 2002 zuwa 2005 ta daidaita aikin kwamitin ilimi da daidaiton maza da mata a shirin da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta wa Majalisar Ɗinkin Duniya.

A nan, a ganina, aka ƙera jami'ar diflomasiyyar da duniya ta sani daga baya. Firamare da ƙananan asibitoci da ruwan sha ba a hannun Abuja suke ba, a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma mai bai wa shugaban ƙasa shawara ba ta da ikon ba gwamna umarni. Dabarar da ofishinta ya fito da ita a 2007 ita ce tallafi mai sharaɗi. Jiha za ta kawo tsarin abin da take so ta yi, ta ajiye rabin kuɗin daga aljihunta a asusu na musamman, sannan tarayya ta cika rabin. Ba ka zuba naka ba, ba ka ga na Abuja ba. Aka kuma sa wa kuɗin alama a cikin kasafi don a iya bin sawunsu, aka tura masu sa ido daga waje, har da ƙungiyoyin farar hula, su je su gani da ido. Daga wannan asusu aka ɗauki nauyin shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009.

Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi a aikace. Gwamnoni 36, kowanne da jam'iyyarsa da girman kansa da 'yan kwangilarsa. 'Yan majalisa da ke son a kai aiki mazaɓarsu ko da babu mai bukatarsa a can. Manyan sakatarori da ke ganin an shigo musu gona. Ta zauna da su duka, ƙarƙashin shugabanni uku, Obasanjo da 'Yar'aduwa da Jonathan, ba tare da sanda a hannunta ba.

Ba zan ce shirin ya yi nasarar da aka so ba. Najeriya ba ta cika mafi yawan muradun ba zuwa 2015, kuma Arewa maso Gabas ce a can baya. Rijiyar da na ambata mai karyayyen hannu shaida ce kan babban raunin tsarin: an tanadi kuɗin ginawa, ba a tanadi na gyara ba, ba a kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin abin bayan an yanke kyalle an watse ba. An gina ɗakin haihuwa, ungozomar ta yi wata shida ba albashi ta koma birni. Wannan laifi ne da ya rabu gida-gida, amma wanda ya tsara shiri yana da kasonsa. Ita kanta ta sha faɗa daga baya cewa muradun ƙarni sun bar aiki ba a gama ba.

Shekara uku ana cinikin kalmomi

A watan Yunin 2012 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, ya kira ta New York ta zama mai ba shi shawara kan abin da zai gaji muradun ƙarni. Na farkon ƙwararru 'yan kaɗan ne suka rubuta su a ofis. Wannan karon aka ce kowa sai ya sa baki. Aka kafa kwamitin manya ƙarƙashin shugaban Indonesiya Susilo Bambang Yudhoyono da shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf da firaministan Birtaniya David Cameron. Aka tambayi miliyoyin mutane ra'ayinsu, da yawansu a kan takarda a ƙauyukan da babu intanet. Ainihin cinikin kuwa jakadu ne suka yi shi, Macharia Kamau na Kenya na jan ragama, da farko tare da Csaba Kőrösi na Hungary, daga baya tare da David Donoghue na Ayalan.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan zama ba zai ɗauka wasa ne a ce manya sun kwana suna jayayya kan kalma ɗaya. Amma kowace kalma akwai kuɗi ko iko a bayanta. Masu arzikin mai ba sa son a matsa kan sauyin yanayi. Ƙasashe masu arziki ba sa son a rubuta abin da zai zama bashi a wuyansu. Wasu gwamnatoci ba sa son a ambaci shugabanci nagari da adalci, suna ganin ƙofa ce ta tsoma musu baki. Wasu kuma duk inda aka ambaci lafiyar mata sai su miƙe. Amina ba ta da ƙuri'a a ɗakin. Aikinta shi ne zirga-zirga tsakanin ɓangarori, ta ji abin da kowa ba zai iya haɗiyewa ba, ta nemo lafazin da zai sa kowa ya zauna. Aikin dillali ne a kasuwar shanu, sai dai a nan masu saye da sayarwa 193 ne.

Akwai kwanaki biyu da ba na iya raba su a zuciyata. Ranar 16 ga Yulin 2015, ana jajibirin ƙaramar Sallah, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwar Gombe, cikin masu sayayyar kayan miya da takalman yara, suka kashe mutane da dama. Ba a yi mako guda ba aka sake kai hari tashar Dukku. Ranar 2 ga Agusta, kwana goma sha bakwai bayan na kasuwa, jakadu a New York suka amince da rubutun ƙarshe na muradun ci gaba mai ɗorewa, guda 17 masu rassa 169, shugabanni kuma suka sa albarka ranar 25 ga Satumba. Muradi na 16 yana magana ne kan zaman lafiya da adalci da hukumomi masu aiki, kuma yana cikin waɗanda aka fi kai ruwa rana kafin a yarda a sa su. Mutumin Gombe na wancan Yuli ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa makaranta da asibiti ba sa tsayuwa inda babu aminci.

Wata goma sha biyar a ma'aikatar muhalli

Zamanta minista gajere ne, daga Nuwamban 2015 zuwa Fabrairun 2017. A cikinsa aka ƙaddamar da aikin tsabtace ƙasar Ogoni a garin Bodo, ranar 2 ga Yunin 2016, shekara biyar bayan rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A cikinsa aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Shikira ta Jihar Neja, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara 28 a 2015. Ita ta aza harsashin takardun lamuni na ayyukan muhalli, waɗanda gwamnati ta fitar na kusan naira biliyan 10.7 a Disamban 2017, irinsu na farko da wata gwamnati ta fitar a Afirka.

Mu a Gombe muhalli ba maganar taro ba ce. Garin yana cikin kwari ne, ƙasarsa rairayi, ruwan sama na gangarowa daga tudun yamma ya ratsa unguwanni. Duk damina kwazazzabai na ƙara faɗi. Na taɓa tsayawa a bakin ɗaya bayan ruwan dare, na ga rabin ɗaki a tsaye, labule na kaɗawa a tagar da babu komai a bayanta, sauran ginin yana can ƙasa cikin laka. Mai gidan yana tsince kwanon rufi yana jerawa gefe. Jihar na cikin goma sha ɗaya da shirin katangar bishiyoyi ta Afirka ya ratsa, kuma an yi manyan ayyukan daƙile zaizaya da kuɗin Bankin Duniya, amma ruwa bai daina neman hanya ba.

Akwai kuma tabon da ba zai yiwu a tsallake ba. A ƙarshen 2017 wata ƙungiyar binciken laifukan muhalli mai suna Environmental Investigation Agency ta fitar da rahoto kan safarar katakon madobiya daga Najeriya zuwa Sin. Ta yi zargin cewa a kwanakinta na ƙarshe a ofis Amina ta sa hannu a dubban takardun izini da suka halatta katakon da ya riga ya bar ƙasar. Ta musanta aikata ba daidai ba, ta ce ta bi ƙa'ida, kuma ita ce ma ta dakatar da fitar da katakon na wani lokaci don a gyara tsarin. Babban Sakatare ya ce yana tare da ita. Babu kotun da ta kama ta da laifi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne dazukan Taraba da Adamawa sun yi asarar madobiya mai yawa a shekarun nan, kuma a ƙarshen 2018 hukumar da ke kula da cinikin tsirrai da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta dakatar da cinikin wannan itace daga Najeriya. Mai son ta da gaske ba zai so a goge wannan shafi ba.

Kandahar

António Guterres, sabon Babban Sakataren Majalisar, ya sanar da zaɓenta a matsayin mataimakiyarsa a Disamban 2016. Ita ce ta biyar a kujerar tun da aka ƙirƙire ta a zamanin Kofi Annan, kuma mace ta biyu daga Afirka bayan Asha-Rose Migiro, tsohuwar ministar harkokin wajen Tanzaniya. Babban aikin da aka damƙa mata na cikin gida ne, wanda ba ya shiga labarai: sake fasalin yadda hukumomin Majalisar ke aiki a kowace ƙasa, don kada mai kula da yara da mai kula da abinci da mai kula da lafiya kowa ya riƙa jan nasa. Daga Janairun 2019 wakilin Majalisar a kowace ƙasa ya koma ƙarƙashin ofishin Babban Sakatare kai tsaye. A shekarar ce kuma Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Jihar Kebbi, ya zama shugaban Babban Zauren, aka wayi gari 'yan Arewa biyu na zaune a saman gidan da Abubakar Tafawa Balewa ya shigar da Najeriya ranar 7 ga Oktoban 1960, gidan da Maitama Sule ya jagoranci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata.

Amma in za a tuna ta da tafiya ɗaya, ta Afganistan ce. Ranar 20 ga Disamban 2022 gwamnatin Taliban ta hana mata shiga jami'a. Bayan kwana huɗu ta hana su aiki da ƙungiyoyin agaji, a ƙasar da miliyoyi ke rayuwa da taimako kuma namiji baƙo ba ya shiga wajen matan gida. A Janairun 2023 Guterres ya tura Amina. Ta tafi da wasu gogaggun jami'an diflomasiyyar Larabawa biyu, Sima Bahous ta Jodan, shugabar hukumar mata ta Majalisar, da Khaled Khiari na Tunisiya. Kafin su sauka Kabul sai da suka bi ta ƙasashen yankin, suka kuma tuntuɓi Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, don kada a ce saƙon na Turawa ne.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Lakhdar Brahimi, tsohon ministan harkokin wajen Aljeriya, wanda ya taimaka aka kashe wutar yaƙin basasar Lebanon da yarjejeniyar Ɗa'if a 1989, ya je Kandahar a 1998 ya zauna da shugaban Taliban Mulla Umar lokacin da Iran da Taliban ke gab da gwabzawa. Brahimi ya fito ne daga makarantar gwagwarmayar neman 'yanci da ofisoshin jakadanci na Alƙahira da Landan, kuma namiji ne Balarabe mai furfura, irin wanda ake shimfiɗa wa darduma. Amina ta je ne tana mace, ta je kuma yin magana a kan mata, da mutanen da suka yanke cewa mace ba ta da wurin zama a irin wannan ɗaki.

Ta gana da muƙaddashin ministan harkokin waje Amir Khan Muttaqi a Kabul, ta wuce Kandahar inda ainihin iko yake, ko da yake ba ta ga shugabansu Haibatullah Akhundzada ba, ta kuma je Herat ta saurari matan da abin ya shafa. Da ta dawo ta shaida wa manema labarai yadda ta yi da su. Ta ce ta tuna musu ita ma Musulma ce 'yar Sunna kamar su, su Hanafawa ita Bamalikiya. Ta kawo musu Nana Khadija, attajirar da dukiyarta ta tallafi addinin tun yana jariri, da Nana A'isha da aka riƙa ɗaukar ilimi a wajenta.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a kunnen wanda ya tashi a ƙasar da tutar Shehu ta iso. Nana Asma'u, 'yar Shehun, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji ta tura su ƙauyuka suna karantar da matan aure, tsarin 'yan taru da ya rayu bayan rasuwarta a 1864. Shehun kansa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje. Abin da Amina ta ɗauka zuwa Kandahar kayan gidanmu ne. Shi ya sa na ji tafiyar a jikina, shi ya sa kuma ta dame ni, domin a tashoshin motar Gombe har yau 'yan mata masu shekarun firamare na yawo da farantin gyaɗa da dafaffen ƙwai a ka da ƙarfe goma na safiyar Talata. Babu dokar da ta hana su makaranta. Talauci da sakaci sun yi abin da doka ta yi a can.

Tafiyar ba ta buɗe jami'o'in ba. An samu 'yan sassauci a aikin lafiya da agaji, amma a watan Afrilu Taliban ta faɗaɗa haramcin har ga matan Afganistan da ke aiki da Majalisar kanta. A watan ne kuma, a wani jawabi a Jami'ar Princeton, Amina ta yi maganar ɗaukar ƙananan matakai da za su iya kaiwa ga amincewa da gwamnatin Taliban bisa sharuɗɗa. Matan Afganistan da yawa suka fusata, wasu suka fito titi a Kabul duk da haɗarin da ke ciki, sai da Majalisar ta fito ta ce ba batun amincewa ake yi ba. Na fahimci fushinsu, kuma suna da gaskiyar jin tsoro. Na kuma fahimci lissafinta, lissafin wadda ta saba zama da gwamnan da ba ta yarda da shi ba saboda ta san in ta fita a fusace ɗakin haihuwar ne ba za a gina ba. Wannan hali shi ne ƙarfinta, kuma a nan ne ake iya cutar ta, domin akwai masu karɓar zama da kai su ƙi ba ka komai.

Rahoton Majalisar na 2024 ya ce kashi 17 cikin ɗari kacal na rassan muradun ne ke kan hanyar cika zuwa 2030. Annobar korona ta ci nata, yaƙin Yukren da na Gaza da na Sudan sun ci nasu, bashi ya sake danne ƙasashen Afirka, manyan masu ba da agaji kuma sun fara janye hannu. A gida, ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Gombe na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A shekarar ce Buhari ya ba ta lambar girma ta GCON, Guterres kuma ya riga ya sabunta mata wa'adi na biyu.

Wa'adin Guterres zai ƙare ranar 31 ga Disamban 2026. Cikin shekara tamanin na Majalisar mace ba ta taɓa zama Babbar Sakatariya ba, kuma an sha jin sunan Amina a bakin masu hasashe, ko da yake ƙasashen Latin Amurka na cewa juyinsu ne. Ko ina ta nufa bayan nan, wata rana za ta zo Gombe, za a yi mata tarba a filin jirgin Lawanti, a kai ta fadar Mai Martaba, a yi jawabai. Da za a ba ni tsara ziyarar, zan roƙi awa biyu kawai bayan la'asar, ba jiniya, ba 'yan rakiya. Mu fara da rijiyar da ke aiki, ta ga layin jarkoki, ta tambayi matan unguwar wa ke tara kuɗin gyara in ta lalace. Daga nan mu taka zuwa ɗayar. Ta san yadda ake karanta allon, ta san shekarar, ta san ofishin da takardar ta fito, kuma na tabbata za ta tambayi sunan kansilan mazaɓar da nawa ne kuɗin sabon hannun famfo.